Motar da Sunusi Ya Zaɓa

Shekara goma sha shida Sunusi ya yi yana jan iyalin Abu Hamad a Doha, ko madubi bai taɓa karcewa ba. Duk direban Arewa da ke zuwa shan shayi Asian Town, unguwar baƙin ma'aikata, ranar Juma'a da la'asar ya san wannan magana. Mutumin Funtua ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan surutu. Kafin ya zo ƙasar nan sai da ya yi shekara tara yana jan bas tsakanin Funtua da Gusau, a lokacin da rami ya fi kwalta yawa a hanyar. Da ya sauka Doha, sabuwar unguwar Lusail ba komai ba ce sai yashi da ƙarafan gini. A idonsa aka ɗaga ta, kuma babu lungun da bai sani ba a cikinta.

Yana da al'adarsa ta aiki. Kullum da safe sai ya kewaye babbar motar gidan sau ɗaya, tafin hannunsa a jikinta, kamar mai duba lafiyar doki. A aljihun ƙofa yana ajiye lemon tsami saboda mahaifiyar Abu Hamad, tsohuwar da kowa a gidan ke kira Yumma. A keken guragu take, kuma jiri ke ɗibarta a shataletale idan direba ya yi gaggawa. Sunusi ya san yadda zai shiga kwana da ita ba tare da ta buɗe ido ba. Mukullin motar kuwa a wuyansa yake kwana, a jikin wani baƙin zare. Matarsa da 'ya'yansa biyar suna Funtua, sau ɗaya yake ganinsu a shekara. Abin da yake da shi a Doha ke nan: sunansa da wannan mukulli.

Sai ga Sagiru. Ɗan garinsu ne, wajen shekara talatin da biyar, dogo, mai bakin da ba ya gajiya. Gadi ya zo yi a wani sito a Industrial Area, yana tsayuwar awa goma sha biyu har ƙafafunsa suka kumbura. Sunusi ne ya ji tausayinsa ya yi masa hanya ya dawo gadin ƙofar gidan Abu Hamad. Shi ne kuma ya riƙa ɗaukarsa duk Juma'a bayan masallaci zuwa wani fili a bayan garejoji, yana koya masa tuƙi a ƙaramar motar cefane. Motar otomatik ce, irin wadda ƙafar dama kaɗai ke aiki, ta hagu tana hutawa. Ranar farko Sagiru bai san burki da totur ba. Wata biyar Sunusi ya yi yana fama da shi har ya sami lasisi, aka mai da shi direban cefane da kai yara makaranta.

To, lasisi bai yi wata uku a aljihunsa ba Sagiru ya fara sabon labari a wurin shayi. Wai shi a gida tirela yake ja, Kano zuwa Legas, da siminti buhu ɗari shida. Sunusi yana zaune yana jinsa. Ya ɗauka cika bakin matasa ne. Har gaban Abu Hamad Sagiru ya kai wannan labari, da guntun Larabcinsa, yana nuna yadda ake jefa giya a gangaren dutse.

Abin da ya ɓata komai tabarau ne. Sunusi ya haura hamsin, ƙananan rubutu sun fara yi masa dishi-dishi, sai ya sayi tabarau na karatu a Asian Town don Alƙur'ani da saƙon waya. Nesa kuwa yana hango lambar mota tun kafin wanda ke kusa da shi ya gane launinta. Sagiru ya ɗauke shi hoto yana sanye da tabaran, ya ajiye. Wata Laraba aka wayi gari an ga doguwar karta a ƙofar baya ta babbar motar, fenti ya goge. Daren jiya Sagiru ne ya ɗauki mukulli na biyu da ke cikin gida ya matsar da ita don ya fitar da ta cefane, Zuwera mai girki, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, ta gan shi ta tagar kicin. Amma wa ya tambayi mai girki? Kafin Sunusi ya gama kewaye motar, Sagiru ya riga ya shiga wajen maigida da hoto a hannu. Ya ce ai ya daɗe yana rufa wa yayansa Sunusi asiri, idon ya tafi, jiya ma a wurin ajiye motoci na Lusail ya ga ya goga ginshiƙi, kuma yana tsoron ranar da abin zai faru da yara a ciki.

Sunusi ya roƙi a kai shi asibiti a gwada idon. Abu Hamad ya ɗaga hannu ya ce khalas, ba ya son doguwar magana. Shekara goma sha shida, ko minti goma ba a ba shi ba. A tsakar gida, gaban masu aiki, ya cire zaren daga wuyansa ya miƙa. Sagiru ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa, wai girmamawa. Aka mai da Sunusi kan tsohuwar a-kori-kura, yana kai ciyawa da dusa gonar maigida can wajen gari, yana ɗauko tukwanen gas. An kuma gaya masa idan shekara ta ƙare za a duba ko akwai sauran amfaninsa.

Bai yi rigima ba. Ya je asibitin ido da kansa, aka gwada shi, aka ba shi takarda cewa ganinsa na nesa lafiya lau. Ya ninke ta ya sa a cikin akwati. Wata huɗu yana jigilar ciyawa, yana dawowa da warin awaki a riga, yana wuce Sagiru zaune a cikin sanyin babbar mota yana latsa waya. Wanda ya ce Sunusi ya yafe bai san shi ba. Jira yake.

Duk shekara, idan zafi ya kai inda ba a iya taɓa sitiyari da hannu, iyalin kan tafi tsibirin Zanzibar su yi mako uku. Abu Hamad ba ya yarda baƙon namiji ya ja matansa da mahaifiyarsa, don haka da direban gida ake tafiya, a can a yi hayar mota. Shi kansa ba ya tuƙi tun da aka yi masa aiki a gwiwar hagu. Tun da suka fara wannan tafiya, sau bakwai Sunusi ya je. Ya san tsibirin kamar yadda ya san Lusail. A can ta hagu ake bi, ba ta dama ba irin ta Doha da Najeriya. Sitiyari yana dama, giya tana hannun hagu. Shekarar farko duk kwanar da ya zo sai ya kunna waifa a maimakon sigina, har ya koma ɗaura jan zare a wuyan hannunsa na hagu don ya riƙa tuna gefensa. Ga amalanken shanu, ga masu keke ɗauke da kwakwa, ga ruwan sama da ke sauka ba sallama. A wajen mutum ɗaya suke haya kullum, wani dattijo mai suna Makame, kuma mota ɗaya: tsohuwar farar bas mai faɗin ƙofa, wadda keken Yumma ke shiga ba sai an ninke shi ba. Mai kuloci ce.

Mako biyu kafin tafiya uwargida ta sa aka kira Sunusi. Ba don za a je da shi ba. Cewa ta yi ya buga wa Makame waya ya kama mota, tunda shi ke da lambarsa kuma su ne ke gane yaren juna, sannan ya gaya wa Sagiru duk abin da ya kamata ya sani. A kore ka daga kujera, kuma a ce ka share wa wanda ya kore ka hanya. Ya ce to.

Ranar Juma'a ya sami Sagiru a wurin shayi, cikin mutane wajen goma. Ya gaya masa maganar bin hagu, da shataletalen da ake kewayawa ta ɗaya gefen, da jirin Yumma. Wannan bai ɓoye ba, don akwai yara a motar, shi Sunusi ya fara kai su makaranta tun suna ƙanana. Ya ciro jan zarensa ya miƙa masa. Sagiru ya ɗaga zaren sama yana nuna wa jama'a.

"Yaya Sunusi, wannan ai na masu tabarau ne. Riƙe abinka, ka ɗaura wa akuya."

Aka yi dariya, wasu kuma suka sunkuyar da kai. Sunusi ya karɓi zarensa ya mayar aljihu, ya kurɓi shayi.

"Sagiru, har yanzu kana nan a kan maganarka ta tirela?"

"Shekara shida, Yaya. Duk abin da ke da taya, ba ni mukulli kawai."

"To madalla. Jama'a kun ji."

Washegari da hantsi, a gona, bayan ya sauke ciyawa, ya zauna a inuwar a-kori-kura ya kira Makame. Suka gaisa da Larabci rabi, Turanci rabi, kamar yadda suka saba. Makame yana murna ya ba shi labari cewa bana ya sayo sabuwar bas, otomatik, mai faɗin ƙofa ita ma, kuma ya yi niyyar ajiye wa Abu Hamad ita, sai dai wasu Turawa na nemanta na wata guda. Sunusi ya dubi awaki suna cin ciyawa. Ya tuna wata biyar ɗin da ya yi a filin bayan garejoji, ƙafar hagun Sagiru a miƙe gefe kamar ba tasa ba. Ya ce wa Makame ya ba Turawan, iyalin sun saba da tsohuwar, ita za a ajiye. Ya ƙara da cewa bana sabon direba ne zai zo, gwani ne, tirela yake ja a ƙasarsu. Amma don Allah kada a ɗora kowa a motar sai direban ya kewaya fili da ita shi kaɗai, kamar yadda aka yi masa shi ma shekarar farko. Ya maimaita wannan sau biyu, har Makame ya yi alkawari.

Ranar tafiya shi ya kai akwatuna filin jirgi a bayan a-kori-kura. Sagiru ya sha sabon tabarau baƙi na gayu, ya ɗaga masa hannu daga nesa.

Saƙon Zuwera ya shigo washegari bayan azahar. Da ita aka tafi saboda abincin Yumma. Murya ta aiko, minti bakwai, rabi duk dariya ce. Ta ce suna fitowa daga jirgi Makame ya tarbe su, ya kai su inda farar bas take, ya ce direba ya fara kewayawa. Sagiru ya buɗe ƙofar hagu ya zauna, ya tarar babu sitiyari a gabansa. Ya fito ya zagaya. Da ya leƙa ƙasa ya ga abin takawa uku, sai ya cire baƙin tabarau ya sake leƙawa.

"Wallahi Malam Sunusi, mota ya yi tsalle kamar kwaɗo, ya mutu. Ya tayar, ya yi tsalle, ya mutu. Sau tara na ƙirga da bakina."

Ta ce duk wannan iyalin na tsaye a rana, Yumma a kekenta ana riƙe mata lema, direbobin tasi sun taru suna ba shi shawara da yarensu. A karo na goma motar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, waifa na ta kaɗawa ba ruwa ba iska, sai Makame ya zura hannu ta taga ya zare mukullinsa. Abu Hamad ya dogara sandarsa ya matso, ya tambayi Sagiru tirelar da ya ja ƙafa nawa ake taka mata. Sagiru ya ce ai ta Najeriya daban ce.

Sunusi ya saurari saƙon sau uku. Bai yi dariya ba. Ya je famfon gona ya wanke fuska, ya ci gaba da loda tukwanen gas.

Makame ne ya kai su masauki da kansa ranar. A shataletale na biyu Yumma ta yi amai, ta rantse ba za ta sake shiga mota da baƙo ba. Aka nemi sabuwar bas, aka ce tana hannun Turawa. Sauran motocin otomatik ƙanana ne, keken tsohuwa ba ya shiga. Kwana uku iyalin suna zaune a gida ɗaya, teku na gabansu, yara na kuka suna son a kai su ganin kunkuru da gonar kanumfari. Zuwera kuwa ta ga wuri ya samu. Tana shafa wa Yumma mai a ƙafa ta ba ta labarin abin da ta gani ta tagar kicin wata huɗu da suka wuce. Tsohuwa ta sa aka kira mata ɗanta.

Rana ta huɗu da safe wayar Sunusi ta yi ƙara yana kan hanyar gona. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya bari ta yi ƙara sosai kafin ya ɗauka. Abu Hamad bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce an yanka masa tikiti, yalla, maza ya haɗa kaya.

"Ranka ya daɗe, da wane idon zan ja su?"

Sunusi ya ji ƙarar teku ta cikin wayar. Sannan maigida ya ce, a hankali, an yi kuskure. Daga bakin mutum irin Abu Hamad wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma Sunusi bai bari ya wuce a haka ba. Ya ce akwai takardar asibiti da yake so a karanta, kuma a gaban waɗanda aka karɓi mukulli a gabansu, ko waɗanda ke nan daga cikinsu. Abu Hamad ya ce ya zo da ita.

Washegari da hantsi ya sauka tsibirin. Iska mai ɗumi da ƙamshin ruwan sama ta buge shi. Makame na jiransa da farar bas. Da ya miƙa masa takardar haya, Sunusi ya ciro tabaransa ya sa, ya karanta layi-layi, ya sa hannu. Makame ya duƙo ya ce masa a kunne bai gaya wa kowa cewa ya taɓa yi masa tayin sabuwar motar ba, kuma ba zai faɗa ba. Sunusi ya ce Allah ya saka da alheri. Ya kewaye bas ɗin sau ɗaya da tafin hannunsa, ya ɗaura jan zare, ya taka kuloci. Ta tashi lafiya kamar ta san shi.

A barandar masauki aka karanta takardar. Babban ɗan Abu Hamad ya karanta da ƙarfi, uwargida na ji, Yumma na ji, Zuwera na tsaye da ludayi a hannu. Sagiru na jingine da bango. Maigida ya ce wa Sagiru ya kawo mukullin motar Doha, wanda ya taho da shi a wuya don fahari. Ya cire ya miƙa da hannu ɗaya. Sunusi bai karɓa ba. Ya tsaya yana kallonsa har sai da Sagiru ya haɗa hannu biyu ya rusuna, kamar yadda ya yi ranar da ya karɓa.

Sauran kwanakin Sunusi ya zaga da su ko'ina. Ya kai su arewacin tsibirin inda ruwa ke da haske har ana ganin yashin ƙasa, ya kai su gonar kanumfari, ya bi da su ƙananan hanyoyi ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, yana kauce wa amalanke da kaji. Yumma ta riƙe lemon tsaminta ta yi barci a kowane shataletale. Sagiru yana can kujerar ƙarshe, tsakanin kular ruwa da jakar tawul, shi ke sauke keken tsohuwa, shi ke ɗorawa. Duk lokacin da Sunusi zai canza giya sai ya ɗan gyara madubin ciki, su haɗa ido.

Wata rana iyalin sun shiga cin kifi a bakin teku, su biyu suka rage wajen mota. Sagiru ya daɗe yana tona yashi da ƙafa.

"Yaya, ka san ban iya ba. Kai ka koya mini."

"Na sani."

"Da ka gaya mini irin motar."

"Na tambaye ka gaban mutum goma. Ka ce duk abin da ke da taya."

Sagiru ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya ce a tuna ɗan gari ɗaya ne su, ya ce mahaifiyarsa ta san mahaifiyar Sunusi. Daga ƙarshe ya roƙi a nuna masa kulocin, ko na awa ɗaya, ga fili ga mota. Sunusi ya cire tabaransa daga aljihu, ya hura, ya goge da bakin riga.

"Na koya maka sau ɗaya, Sagiru. Na ga abin da ka yi da shi."

Da aka dawo Doha, uwargida ta ce ba ta yarda maƙaryaci ya kai mata yara makaranta ba. Abu Hamad ya ce to a ba shi jigilar gona. Sai aka tuna a-kori-kurar ma mai kuloci ce. Aka mai da shi inda ya fito, bakin ƙofa, da kujerar roba da fanka.

Yanzu kullum ƙarfe bakwai saura kwata Sunusi yana kewaye babbar mota da tafin hannunsa. Kartar nan ta ƙofar baya an so a kai gareji a shafe, ya ce a bar ta tukuna, ba ta hana tafiya. Idan ya ɗauki yara ya nufo ƙofa, Sagiru kan tashi tun daga nesa ya wangale ta. Duk da haka sai Sunusi ya tsaya daidai kujerar robar, ya danna hon sau biyu, sannan ya wuce.